Yaya Habibu ba wasa ya yi ba

Ranar Talata bayan La'asar matata ta shigo ɗaki da waya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Sai da na daka mata tsawa sannan ta ce Yaya Habibu mai gyaran kwamfuta ya faɗi a shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ban samu jana'iza ba, domin shekara shida ke nan ƙafafuna ba sa ɗaukata, tun ranar da motar kabejin da na yi lodi a kasuwar Farin Gada ta kife da ni. Sai ranar sadakar uku aka cicciɓe ni a keke napep zuwa gidansa a Gangare. Abin da na ji a can ne ya sa nake wannan rubutu raina a ɓace.

Wani dattijo cikin danginsa, ba zan kama suna ba, ya shafa fatiha, ya gyara babbar riga, ya ce, "Allah ya jiƙan Habibu. Mutumin kirki ne, sai dai ya ƙarar da rayuwarsa a gyaran kayan wasan yara." Wasu har da gyaɗa kai. Muna zaune ne dab da tagar ɗakin da matarsa, Anti Rabi, ke karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa mata biyu, kuma na san sun ji. Na haɗiye maganata don darajar makoki. Wannan shirun nawa yana cina har yau.

To, Alhaji, ga amsarka.

Bayan hatsarin nan na yi shekara guda ina kallon rufin ɗaki. Abokan tasha suka zo sau ɗaya sau biyu, ƙafa ta ɗauke. Na zama masifaffe, har matata na shakkar kawo mini abinci. Yaya Habibu maƙwabcinmu ne tun ina yaro, shi kaɗai bai gaji ba. Shi ya kakkaɓe tsohuwar kwamfutar da ƙanena ya bari, ya saka mini wasan tuƙin babbar mota. Amma hoton sai ya riƙa tsayawa yana fizga, kafin in karya kwana na afka rami. Ya ce katin girafik ne ya tsufa, wato allon nan mai fanka da ke sa hoto ya gudana, dole a canja.

Na ce a sayo babba, mai fanka uku, irin wanda na gani a waya. Ya yi dariya ya ce, "Isiyaku, kai fa direba ne. Ka taɓa ɗora lodin tirela a kan akori-kura?" Ya buɗe cikin kwamfutar, ya zari tsinke daga tsintsiyar matata, ya auna gurbin katin, ya karya tsinken daidai tsawon wurin, ya jefa a aljihu. Ya karanta abin da aka rubuta a jikin akwatin wutar injin, ya ce ba za ta iya ciyar da babban kati ba, ƙonewa za ta yi. "A auna ɗaki kafin a sayi gado," in ji shi.

Kwana huɗu yana yawo da tsinken nan a shagunan cikin gari. Abokinsa Inyamuri mai sayar da kayan kwamfuta ya ba ni labari daga baya. "Oga Habibu ya wahalar da ni," in ji shi. "Kowane kati sai ya sa tsinke, ya shinshina ko ya taɓa ƙonewa, ya kunna ya sa kunne a fanka. Na ce wa zai yi amfani, gwamna? Ya ce direbana ne."

Da ya kawo katin, ƙarami ne, na hannu, fanka ɗaya. Na zage shi. Na ce don ya ga na nakasa ne ya raina ni ya kwaso mini gwanjo. Shi kuwa ya ɗaura katin, ya kunna, ya miƙo mini madannan tuƙin. Titi ya miƙe sumul, na yi tuƙi har aka kira Magariba, ina kuka ina canja giya. A makon nan na fara yarda a fitar da ni ƙofar gida. Ban taɓa ba shi haƙurin zagin nan ba, kuma wannan haushin kaina ne, ba na kowa ba.

Wannan ne wasan yaran, Alhaji? Kai da ka san darajar rayuwa, sau nawa ka leƙo ka ga ko ina numfashi? Gidanka da nawa layi biyu ne. Mutum bai kwana uku a kabari ba ka auna shi da bakinka, ka bar marayu da kunya.

Jiya na sa aka mayar da ni gidan. Anti Rabi ta sunkuyar da kai ta ce, "Isiyaku, yaran nan sun tambaye ni wai da gaske babansu wasa ya yi ta yi." Na ce a kira su. Na ba su labarin nan tun daga farko, har zagin ban ɓoye ba. Babbar ta share hawaye ta ce, "Kawu, ka rubuta, don in an sake faɗa mu samu abin nunawa." Ga shi na rubuta.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Habibu, ka yafe kurakuransa, ka yalwata masa kabari, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Anti Rabi haƙuri, ka raya 'ya'yansa su ɗaga kai duk inda aka ambaci sunan ubansu. Ni kuma ka isar masa da ban haƙurin da na makara ban bayar ba. Amin.