Gurmin Yayana da Injin Ban Ruwa

Ina tsugune cikin albasa ina buɗe wa ruwa hanya, wani ɗan unguwarmu ya tsayar da babur a bakin gona. Bai sauko ba. Ya ce, "Taso, Allah ya yi wa yayanka rasuwa a Rabah." Na yi salati, na je na kashe injin ban ruwa, na hau bayansa.

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma yana kaɗa gurmi tun yana saurayi. Bayan an gama dam ɗin Goronyo, injuna suka cika fadama, kowa yana kukan ƙararsu. Shi kuwa ya ce kowane inji da muryarsa, nawa ma ya fi daɗi. Ya ciro abin magana daga wata tsohuwar tarho, ya manna shi da ƙaro a jikin ƙwaryar gurmin, ya ja waya zuwa lasifika da batirin mota.

Duk Alhamis bayan la'asar yakan zo gonata, tare da abokinsa, wani Bafulatani mai sarewa daga Shinaka. Sai yayana ya ɗaure tsirkiyar gurmin daidai da gurnanin injin. Aikina shi ne riƙe totur. In na ƙara wuta, su bi ni sama. In na rage, su sauko. Ba waƙa, ba shiri, kuma ba mu taɓa maimaita kiɗan jiya ba. Sau biyu kiɗa yana ɗauke mini hankali har ruwa ya shanye kwamin albasa.

Maƙwabcin gonata, wani dattijo mai shinkafa, ba ya ƙyale shi.

"Kai mai rediyo, wa kaka yi ma kiɗi nan? Albasa?"

"Ita dai tana saurare, Baba. Ba ta da surutu awa kai."

Bayan sadakar arba'in, matar yayana ta aiko mini da gurmin a cikin buhu, wayoyinsa a naɗe. Na rataye shi a ɗaki. Na ɗauka abin ya bi mai shi.

Wata Alhamis sai ga mai sarewa a bakin gona, da batir a kafaɗa. Muka gaisa, muka yi wa mamaci addu'a. Ya ce in aika a kawo buhun, in ta da inji.

Na ce, "Wa za ya kaɗa?"

"Kai mana."

"Ni ban iya ba."

"Shekara nawa kana jan mu da inji? Kunnen na nan. Yatsu ka rage."

Da aka kawo, na ɗauki gurmin. Sai na tuna babu mai riƙe totur. Dattijon nan ya tsallako kunya, ya share hannu a riga.

"Mi aka taɓawa nan? Nuna min, kada in fasa maku shi."

Ranar ba mu yi abin kirki ba. Dattijon ya ƙara wuta inda ya kamata ya rage, ni kuma na tsinka tsirkiya. Mai sarewa ya yi dariya har ya kasa busa, daga baya ya juya baya ya goge ido.

Muna haɗuwa duk mako yanzu. Tsirkiyar ƙasa ta fara jin maganata. Ta sama har yau ban iya ɗaure ta daidai ba.