Baba Ilu da Jatau Mai Goro

Ku da kuka san Baba Ilu na Zandam, ƙanin mahaifina, kun san rediyon nan tasa mai ɗaure da roba. A reshen ɗorawa yake rataye ta in yana noma, mutanen wasan kwaikwayon cikinta suna ta hira saman dawa kamar maƙwabta. Shekara da shekaru yana bin wasan nan, har ya san wa ya haifi wa.

Ranar da aka ba mu jihar Jigawa, gari ya ɗauki guɗa, shi kuwa ya yi tagumi. Tambayarsa ɗaya: mutanen wasan nan, Kano za su tsaya ko da mu aka yanko su?

Akwai wani Jatau mai goro a wasan, wanda ya faɗa rijiya ya mutu. Wallahi Baba Ilu da matarsa, Inna Kande, kuka suka yi riris, har gumba ta daka aka raba sadaka. Bayan damina biyu sai ga Jatau ya dawo yana cinikin goronsa, ba wanda ya ce masa daga ina! Baba ya hau keke har Birnin Kudu neman wanda zai kai wa ƙara. Bai samu ba, sai wani mai gyaran rediyo, shi ya sha faɗan.

Daga nan in Jatau ya buɗe baki sai Baba ya rage muryar rediyon, wai shi ba ya sauraron matattu. Muka yi ta tsokanarsa, haba Baba, wasa ne fa! Ya ce ko a dara ba a mayar da ɗan da aka ci.

Wata rana a gindin ɗorawar na matsa masa. Nan ne ya faɗa mini dalili. Ashe da Inna Kande ta kwanta ciwon ajali, ita ta ce ya riƙe mata labarin wasan.

"In na je ta tambaye ni, me zan ce? Wanda muka yi wa kuka tare yana can yana sayar da goro?"

Ban ƙara tsokanarsa ba, kuma har yau abin yana sosa mini zuciya.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya haɗa shi da Inna a inuwa mai sanyi, ya ba ta labarinta daga inda ta tsaya.