Hannun Da Ba Ya Taɓa Attarugu

Tabarau ba ya yi mini amfani. Likitar ido ta ce saman idona ya yi tsini, sai dai ɗan gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ƙwayar idon, kamar ɓawon kifi. In babu shi, ba na bambance motar haya ta danfo da motar ruwa sai sun iso kaina.

Attarugu nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Mai wannan sana'a ba ya rabuwa da yaji, duk wankin da zai yi yana nan maƙale a ƙarƙashin farce. Shi ya sa tun farko matata ce take saka mini gilashin. Bayan sallar asuba sai in zauna a bakin gado a ɗakinmu na Agege, ta ɗaga haɓata ta ce, "Malam, dubi sama, ka daina ƙifce-ƙifce kamar wanda aka kama da ƙarya." In na dawo ta cire. Shekaru muna haka, ban taɓa tunanin in koya ba.

Ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta.

Zaman makoki babu gilashi na yi shi. Mai gidan hayarmu, dattijon Bayarabe, ya zo gaisuwa, na ɗauka kawun matata ne, har na tambaye shi ya hanyar Katsina.

Ranar da na koma kasuwa, da ƙyar na saka shi da kaina. Hannuna ya kwana biyu bai taɓa kaya ba, don haka lafiya lau. Da yamma na dawo, na wanke hannu, na kai yatsa zan cire. Ban san sanda na fito tsakar gida ina ihu ba. Maƙwabta suka rirriƙe ni. Wani yana cewa, "Haƙuri, Malam, duk can za mu." Matar mai gida tana ta yi mini sannu da Yarabanci, "Pele, Baba, pele." Na kasa gaya musu attarugu ne. Na tsaya aka yi ta ba ni haƙuri.

Daga nan idon ya yi ja, gilashin ya koma kamar yashi. Na je wurin likitar. Ta ɗiga mini wani ruwa mai launin rawaya, ta haska fitila, ta ce kada in ƙifta. Can ta ce, "Baba, hawayenka ba su da kyau."

Na ce, "Madam, tun rasuwar nan nake zubar da su, ba wanda ya kushe sai ke."

Ta yi mini gaisuwa, sannan ta yi bayani. Ashe akwai wani ɗan danshi da ke kwance a kan ido kullum, ruwa da maiƙo a samansa, a kansa gilashin yake zama. Nawa maiƙon ya yi kaɗan, ruwan yana saurin bushewa. Na kuka kuwa ruwa ne zalla, wanke wancan mai kyan yake yi. Ta ba ni maganin ɗigawa, ta ce in riƙa gasa fatar idon da tsumma mai ɗumi. Ta ce in yaji ya sake shiga har idon ya yi rauni, na rabu da gilashi ke nan. Ni kuma na san in na rabu da shi, na rabu da kasuwa.

Da dama nake auna kaya in miƙa wa mutane, ba a miƙa abu da hagu. Saura hagun, sai na keɓe ta don ido kawai. Na sa ta a leda, na ɗora safa, na cusa a aljihu. Maƙwabcina mai tumatir ya dube ni ya ce, "Oga, shanyewar jiki ce, ko an ba ka kansila ba mu ji ba?"

Na ce, "Hutu na ba ta."

Hagu ba ta da basira. Ta sha yar da gilashin, in bi shi da rarrafe ina lalube a kan leda, dattijo da furfurarsa. Ta sha tsokane mini ido. A hankali dai ta iya.

Da na koma, likitar ta ce idon ya warke, in ci gaba da sakawa. Na tambaye ta hawayen fa. Ta ce sun ɗan gyaru, amma da saura.