Ranar da Na Zubar da Tsamin Madam Almaz

Shekara tara ke nan, amma ranar da na zubar da tsamin injera ba ta fita raina ba. Lokacin ina wankin kwanuka a wani gidan abincin Habashawa a unguwar Belleville, nan ƙasar Turawa. A kicin ɗin babu wanda ke ƙasa da ni.

Ga wanda bai sani ba, injera kamar sinasir take, sai dai ta fi faɗi da tsami. A kanta ake zuba miya, ita ake gutsura a ɗebi miyar, kowa a faranti ɗaya, ba cokali. Ƙullunta ba ya tashi sai an zuba masa ruwan tsamin tsohon ƙullu.

A ƙasar nan, duk abin da ke firigo, wato na'urar sanyaya abinci, sai da kwanan wata a jikinsa. Wata Litinin na ga kwalba ba takarda, ruwa rawaya yana wari. Na juye a rariya, na wanke ta tas.

Madam Almaz, mai gidan, ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe kwalbar ta ce, "Isufu, daga hannun uwata wannan ya fito. Ita kuma ta rasu."

Mutum ɗaya ke da irinsa, yayarta a garin Lyon, wadda suka shekara shida ba sa magana. Ni aka tura a jirgin ƙasa in roƙo.

Yayar ta saurare ni, ta ce in zauna. Ta kawo faranti, ta naɗe loma ta nufo bakina. Na kau da kai. Ƙato da furfura, a ba ni a baki?

Ta ce, "Malam, a wajenmu ba a ƙin wannan. Buɗe."

Na buɗe. Sai da na haɗiye ta ce, "Tsamin uwarmu ba ya bin ɗan aike. Ta zo ta ci da ni."

Na koma hannu wofi. Kwana huɗu muna rufe. A rana ta biyar Madam ta hau jirgi, ta dawo da kwalba cike, ido a kumbure.

Ƙarshen wata ta sallame ni, wai ba ta iya ganina kusa da firigo. Su sun shirya, ni na rasa aiki.

Ku sababbin zuwa, doka na bi, kuma ba ta cece ni ba. A kicin ɗin wasu, abin da ba a rubuta wa suna ba, kowa ya san shi sai kai. Tambayi kafin ka zubar.