Ɗangiwa Mai Ginar Rijiya da Kwalaben Malam Almu

Shekara talatin Ɗangiwa ya yi yana ginar rijiya tsakanin Kebbe da Tambuwal. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma harshensa ne ma'auninsa. In ya kurɓi ruwa ya juya shi a baki, sai ya ce wannan na gulbi ne da ya biyo ƙarƙashin yashi, wancan kuwa na sama ne da ya kwanta.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, gulbi ya janye tun kafin a gama girbin dawa. Rijiyoyin ƙauyensu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mata na dawowa da tulu rabinsa laka, shanu na kuka a bakin kwami. Kowa ya zuba wa Ɗangiwa ido. Ya gina rijiya uku, zurfin gaba goma-goma, bai tarar da ko danshi ba.

Ana cikin haka Malam Almu, ma'aikacin ruwa daga Sakkwato, ya iso da akwatin kwalabe. Ya ɗebi ɗan ruwan da ya rage a gulbi, ya ɗebi ragowar na rijiya, ya ce za a kai Turai a auna, don kowane ruwa yana ɗauke da shaidar inda ya fito.

Ɗangiwa ya riƙe masa hannun riga. "Malam, wanga na sani tun ina yaro. Gwada min inda za ni gina, ɗiyanmu na mutuwa."

"Baba, sai sakamako ya zo. Wata shida, ko fi."

"Wata shida? Ko kwana fuɗu ba mu da shi!"

Ɗangiwa ya koma tsakiyar gulbin da ya ƙafe, ya shiga ginar rijiya ta huɗu. Matarsa Bara'atu ce ke jan ƙasa da guga, don maza sun kora shanu kudu. Ta roƙe shi ya fito, yashin ba ya riƙewa. Ya ce ya ji sanyi a tafin ƙafarsa, ruwa ya kusa. A gaba na bakwai bango ya rufto, ya danne shi har ƙugu. Da kururuwarta aka taru aka zaro shi, amma ƙafar dama ba ta sake takawa ba.

Ruwa ya tsattsafo a ramin, tulu shida a yini. Da shi gida goma sha ɗaya suka kai damina. Sauran sun riga sun watse.

Ɗangiwa ya ƙare kwanakinsa a Dogon Daji wajen 'yarsa, yana tufka igiyar guga a gindin tsamiya.