Ranar da Humaira Ta Kira Aliero

A Kimba aka haifi Labbo, gidan manoman gero da albasa, amma tun yana ƙarami aka san gona ba za ta riƙe shi ba. Rediyon mahaifinsa ya fara kwancewa, ya sha duka a kanta, ya kuma harhaɗa ta ta ci gaba da magana. Da ya tasa sai aka kai shi Jega wurin wani mai gyaran rediyo da kaset. Da zamanin kaset ya wuce sai ya koma gyaran talabijin. Da kwamfuta ta fara shigowa gari ya sayi wata matacciya, ya yi ta buɗe cikinta har ya gane kanta. Shagonsa yana hanyar kasuwa, ɗan ƙarami, kullum da warin dalma a ciki.

Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya yarda. Bakinsa ne ke da zafi. In ka kawo masa kaya, kafin ya ɗauki sukudireba sai ya gaya maka laifinka: ka bar ƙura ta shige ta, ka jona ta da janareta marar lafiya, ka ba yara sun yi wasa da ita. Mutane na jurewa, don a lokacin babu wani.

Abdulwahab ɗan Jiga Makera ne. Bayan ya gama sakandare ya zo shagon Labbo ya koyi gyara, ya daɗe yana aiki ƙarƙashinsa, suka rabu lafiya. Ya buɗe nasa shago a Aliero, inda ɗalibai suke da yawa. Mutum ne mai fara'a, mai sauƙin magana a waya. Kafin a jima sunansa ya cika Aliero, ya biyo hanya ya iso Jega. Labbo ya fara jin mutane a bakin shagonsa suna cewa da juna, in abin ya gagara a kai wa Abdulwahab. Yakan sunkuyar da kai kan aikinsa kamar bai ji ba. Amma ran da ya ji hakan, abincin rana ba ya masa daɗi.

Ba ya zagin Abdulwahab. Abin da yake yi shi ne, duk wanda ya yabe shi sai ya ce, "Yaron na ƙoƙari. Ni na koya mishi riƙon goga." Goga shi ne ƙarfen nan mai zafi da ake narka dalma da shi. Matarsa Iklima ta haddace maganar, har takan riga shi ƙarasa ta.

Labbo na da ƙanwa, Humaira, da ke aure a Maiyama. Tana da ɗan shago a ƙofar gidansu inda take buga takardu da katin gayyata da hoton fasfo. Kwamfutar da take aiki da ita shi ya harhaɗa mata da hannunsa daga tsofaffin kaya, shi ya zuba mata duk abin da ke ciki.

A wurin sunan ɗan ƙanensu a Kimba maganar ta fito. Bayan an watse daga walima 'yan gida suka zauna tsakar gida, Humaira na ba matan gidan labari tana dariya. Wai ranar nan da safe ta kunna kwamfuta ta ƙi tashi. Fuskarta baƙa wuluk, sai ɗan rubutu fari a sama da Turanci, wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ga mutane na jira. Ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna, shiru. Har ta fara salati tana ganin shi ke nan aikin mutane ya tafi.

"Sai na kira Abdulwahab," in ji ta. "Ya ce, Hajiya duba gefenta, akwai filas a jiki? Na duba, ga filas ɗin wani malamin makaranta, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi takardu, na manta ban zare ba. Ya ce zare, sake kunnawa. Wallahi sai ga ta ta tashi lafiya lau."

Mata suka yi dariya. Labbo yana zaune kan tabarma kusa da zaure, kofin kunu a hannunsa. Ya ajiye kofin.

"Wa kinka kira?"

"Abdulwahab, Yaya. Na Aliero."

"Lambata ta ɓace maki?"

"A'a, Yaya. Na ga abin gaggawa ne."

"Gaggawa," ya ce, ya ɗauki kunun ya sake ajiyewa bai sha ba.

Suka kama hanyar komawa Jega kan babur har suka hau kwalta. Daga nan ya fara faɗa, Iklima na bayansa tana jin rabi, iska na kwashe rabi. Wai zare filas ba gyara ba ne, ko mai tallan goro zai iya faɗa. Wai kwamfuta in an kunna ta tana da jerin wuraren da take leƙawa ta nemi abin da za ta tashi da shi. In an saita ta ta fara leƙa ƙofar filas, ta tarar da filas mai waƙoƙi da takardu kawai, sai ta tsaya nan ta ƙi gaba. Gyaran gaskiya shi ne a shiga bayos, wato can ƙasan saitinta, a ce mata ta fara duba rumbun ajiyar bayanai da ke cikinta. In an yi haka ko filas goma aka bari a jiki ba ruwanta.

"Ya gaya mata wanga? Bai gaya mata ba. Ya bar ta da ciwon, gobe ta sake kiran shi."

"To ai kai ka saita ta tun farko," Iklima ta ce a kunnensa.

Ya ƙara wa babur wuta. Gaskiya ne, shi ya bar ta haka ran da ya zuba mata manhaja daga filas, ya manta bai mayar ba. Sanin hakan bai rage masa haushi ba, ƙara masa ya yi.

Bai jira an kira shi ba. Wata safiya ya rufe shago ya hau babur sai Maiyama. Ya tarar da Humaira tana tsara katin ɗaurin aure, ga wani dattijo, Malam Waliyyu, zaune kan benci yana jiran katin, don 'yarsa za a aurar a ƙarshen mako.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya. Tashi in gyara maki abin nan gyaran gaske."

"Ai tana aiki."

"Tana aiki yau."

Ta tashi don ba ta iya masa musu gaban baƙo. Ya kashe kwamfutar, ya kunna, ya yi ta danna maɓalli har shuɗin shafin bayos ya bayyana. Ya ɗaga rumbun ciki ya kai sama, ya sauke filas ƙasa. Da ya tsaya nan da aikin ya ƙare. Amma Malam Waliyyu ya leƙo yana kallo da mamaki, ya ce bai taɓa ganin an shiga nan ba, sai Labbo ya ji daɗi ya ratsa shi.

"Ba kowa ka shiga nan ba, Malam. Wasu iyakarsu zare ka kunna."

Ya ce bari ya share duk wani datti gaba ɗaya, ya danna wurin da ke mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani, ya sake gyara jerin, ya adana. Ya ce wa Humaira ta kawo filas ta soka ta gani.

Ta soka. Kwamfuta ta wuce filas ɗin ba ko kallo, ta fara tashi. Labbo ya jingina da kujera. Sai fuskar ta koma shuɗiya da rubutu, ta mutu, ta sake kunna kanta. Ta sake yin haka. Ya zare filas ɗin. Ta sake yi.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar janareta a waje. Labbo ya naɗe hannun riga. Ya buɗe jikin kwamfutar ya zare wayar rumbu ya mayar, ya hure ƙura, ya canja mata wurin jona wuta. Ba abin da ya sauya. Malam Waliyyu ya duba rana ya ce masu kai katin ƙauye da yamma za su tashi. Humaira ta ba shi haƙuri. Hannunta ya tafi kan wayarta a hankali.

"Aje wayar nan," in ji Labbo, bai ko juyo ba.

"Yaya, katin mutane na ciki."

"Na ce ki aje."

Ta ajiye. Abin da ya fi cin sa ba kunyar dattijon ba ce. Hoton Abdulwahab yake gani, zaune a shagonsa na Aliero ɗalibai kewaye da shi, yana ɗaga waya da murmushi, yana jin cewa Labbo na Jega ya kashe kwamfutar ƙanwarsa. Ya san Abdulwahab ba zai yi dariya ba, zai ma kare shi, zai ce ai maigida ya fi shi sani. Wannan kirkin nasa ne Labbo ya fi ƙi.

Aka kira azahar. Ya fita ya yi alwala, ya bi jam'i a masallacin unguwa. Yana saka takalmi ya tuna. Rumbun nan tsoho ne, kuma ran da ya harhaɗa kwamfutar sai da ya sauya yadda take magana da rumbun zuwa tsohon tsari kafin manhajar ta zauna. Mayar da saiti da ya yi ɗazu ya goge wannan. Ya dawo da sauri, ya shiga bayos, ya nemo layin, ya mayar da shi yadda yake. Kwamfuta ta tashi. Katin Malam Waliyyu na nan yadda aka bar shi. Humaira ta sauke numfashi ta zauna ta buga, dattijon ya karɓa ya yi godiya a taƙaice ya fita.

Ta kawo masa fura. Ya sha, ya daɗe yana kallon ƙasan kwanon.

"Humaira, mi ya sa ba ki kira ni ba ranar nan?"

Ta ci gaba da gyara takardu a firinta.

"Faɗa mani."

"Yaya, in na kira ka sai ka tambaye ni mi na taɓa. Sai ka ce ba ni da kula, ka ce tun ina yarinya haka nike. Kafin ka zo kan gyara na riga na yi kuka. Shi ko cewa ya yi zare, na zare."

"Ni na haɗa wagga kwamfutar."

"Na sani. Kullum na kunna ta sai na sa maka albarka. Tsoron bakinka nika ji, ba hannunka na raina ba."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce yanzu ko ta manta filas a jiki za ta tashi, kuma in wani abu ya faru ta kira shi, ba zai ce komai ba. Ta ce to. Dukansu sun san zai ce.

Bayan damina Abdulwahab ya zo Jega da kansa, da wata kwamfutar hannu a jaka. Ta wata malama ce, wuta ta ƙona wani abu a allon cikinta, kuma aikin karatunta na ciki. Ya durƙusa ya gaida Labbo yadda ya saba, ya ce ya gwada ya kasa, idonsa da hannunsa ba su kai nan ba. Labbo ya karɓa ba tare da ya nuna komai a fuska ba. Ya sa tabarau, ya bi layukan allon ɗaya bayan ɗaya har ya gano ɗan abin da ya ƙone, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya ciro irinsa daga wani mataccen allo ya dasa. Kafin la'asar kwamfutar ta kawo haske.

Nan take Abdulwahab ya kira malamar. Labbo na jin muryarta daga wayar tana ta godiya, tana cewa dama an ce mata babu kamar Abdulwahab.

"A'a, Malama, ba ni na gyara ba," in ji shi. "Maigidana ne a Jega. Shi ya koya mani."

Da yamma Labbo ya ba Iklima labari tun daga farko, har da yadda Abdulwahab ya durƙusa da yadda ya ce ya kasa. Ta ce madalla, ai ga shi ya yabe ka a gaban idonka.

Labbo ya wanke hannu ya jawo kwanon tuwo.

"Maigidana ya ce," in ji shi. "Bai faɗi sunana ba."