Darasin Hanyar Kasuwa

Shekara biyu na yi ina koyar da Turanci a wata makarantar koyon harsuna a Talata Mafara, bayan na bar karanta labarai a rediyo. Ɗakuna uku ne a saman wani shagon taki: na Larabci, na Faransanci don masu shiga Nijar, sai nawa. Ajina na manya ne, daga La'asar zuwa gab da Magariba. Akwai tela, da mai sayar da magani, da malaman firamare biyu, da wani dattijo mai fataucin shanu daga Bakura da kowa ke ce wa Alhaji. Yana kai dabbobi kudu, ya ce ya gaji da tsayuwa kamar turke ana ciniki a kansa.

Tsarina ɗaya ne. Nakan haɗa su biyu-biyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin makonsa da Turanci, sannan wanda ya saurara ya miƙe ya maimaita wa aji. Sharaɗina shi ne a faɗi gaskiya, domin na yi imani harshe ba ya zama a baki sai da abin da mutum ya sani.

A lokacin mutanen gari sun daina faɗin ranar tafiya. Ka tambayi maƙwabcinka yaushe zai je Gusau, sai ya ce, "Sai yadda ta yiwu." Kowa ya san 'yan bindiga ba sa tare hanya sai an ba su labari, kuma mai ba su labarin yana cikinmu. Ni ma na sani. Amma a aji ban taɓa tunawa ba, kamar abin da aka faɗa da Turanci ba magana ba ce.

A wata na uku wani sabon ɗalibi ya shigo, ya ce daga wajen Maradun yake. Mutum ne mai tsafta da ladabi, yakan zauna a baya, ba ya rubutu. Wata Laraba tela, abokin hirar Alhaji, bai zo ba, sai na haɗa sabon ɗalibin da Alhaji.

Da lokacin maimaitawa ya yi, ya miƙe. Ya ce Alhaji yakan bar Bakura ranar Talata bayan sallar Asuba, ya taho kasuwa a kan babur. Ba ya bin kwalta, yakan yanke ta fadama. Yakan koma bayan Azahar idan ya sayar. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, har inda Alhaji ya yi gyaran murya ya tsaya. Sannan ya juya ya tambaye shi, da Turanci mai kyau, ko shi kaɗai yake komawa.

"Madalla," na ce, kafin kunnena ya gama jin abin da aka faɗa.

Babu wanda ya tafa.

Da aka tashi, mai sayar da magani ya tare ni a kan matakala.

"Malam, ka san mutumin ga?"

"Ɗalibi ne."

"Na ji. Ɗan wa?"

Ban sani ba. Takardar shigarsa suna ne kawai da lambar waya. Na kira, a kashe take.

Na cim ma Alhaji yana tayar da babur. Na roƙe shi ya canza hanya ranar Talata.

"To fa! Allah gafarta Malam, ba kai ka ce Turancin ƙarya bai zama ga baki ba?" Ya yi dariya. "Shekara talatin nike bin hanyar ga. Jakina ya san ta kafin babur."

"Alhaji, ni na sa ka faɗa. Don Allah ka sauke mini wannan nauyin."

Ya ce zai duba.

Ranar Talata ba a yin aji saboda kasuwa. Na je kara, wurin cinikin shanu, tun da hantsi, na tsaya kusa da masu sayar da igiya. Dillalai biyu suka tambaye ni ko sa nake nema. Rana ta take, babu Alhaji. Sai gab da Azahar na hango shi yana sauka daga motar haya, yana kakkaɓe riga.

"Ga ni, da raina," in ji shi. "Kasuwa kuwa ta watse. Ka huta?"

Ba mu ji an tare kowa a hanyar fadama ranar ba. Sabon ɗalibin bai sake zuwa ba. Har yau ban sani ba ko aikinsa ne ya ƙare, ko kuwa mutumin kirki ne da ya ji shirun da aka yi masa ya gane abin da ake zarginsa da shi.

Na soke tsarin. Na rubuta katuna, kowanne da mutumin da na ƙirƙira, da garinsa da sana'arsa, kowa ya ɗauka ya yi magana a madadinsa. Ajin ya yi sanyi, Turancin ma ya ja baya.

Alhaji ya ɗauki nasa, ya karanta a hankali. Likita ne a Kaduna, yana zuwa aiki da ƙafa. Ya ajiye katin a kan teburina.

"Malam, wanga ba ni ba ne."

Ya sa takalmansa ya sauka. Na ji babur ɗinsa ya tashi, na tsaya a taga ina kallon wace hanya zai bi, sannan na tuna ajin yana kallona, na ja labule.